Tulun da Ba Ya Zufa

A gidanmu faɗi-ka-mutu ake ce masa. Farantan tangaran ɗin Inna kullum suna kulle a kabad, ba sa ganin rana sai da sallah ko in an yi baƙon kunya, kuma yaron da ya fasa ɗaya gara ya nemi gidan kwana tun da sauran haske. Ni kuwa jikan magina ne. Kakata ta wajen uwa tulu da randa da kasko ta gina har ƙarfinta ya ƙare, a gabanta na fara murza yumɓu tun ban iya ɗaura wando ba. Daga baya na karanci sana'ar a jami'a a Zariya, na zama mai koyar da ita, ina kuma da wani kuri guda da ɗalibaina suka haddace don yawan ji: duk abin da ya fita da sunana, daga haƙo ƙasa har sauke shi daga wuta, hannuna kaɗai ne ya taɓa shi. Da wannan kurin na sauka a Jingdezhen, garin masu tangaran na ƙasar Sin, cikin watan Maris na 2024.

Neman tafiyar bai da wani dogon labari. Na aika wa wata cibiyar masu fasaha ta garin hotunan ayyukana da shafi ɗaya na abin da nake son yi, wato tulu goma sha biyu irin namu, amma da farin tangaran, da zayyana shuɗiya a jiki. Bayan wata biyu takardar gayyata ta zo da jan hatiminta. A ƙasar Sin takardar da ba jan hatimi ba ta wuce ta ƙunshe ƙosai ba. Na kai ta Abuja, aka ɗauki zanen yatsuna, aka ba ni bizar kwana 90. Daga Kano sai Addis Ababa, daga nan sai Guangzhou.

Kwana ɗaya na yi a unguwar Xiaobei, masaukin fatakenmu. Ban ko ajiye jaka ba na ji wani a bakin titi yana ta rantsuwa a waya: "Wallahi Alhaji kwantenar ta taso, ka ƙara haƙuri." Wani Bakano mai harkar aika kaya shi ya canja min kuɗi, ya saita min WeChat, don a can ko mai sayar da dafaffen ƙwai da waya ake biyansa. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya riƙe ciki don dariya. "Malam, kowa zuwa yake ya sayi kwano, kai ka zo ginawa?" Ya ba ni katinsa, ya ce in na gama ginin in neme shi.

Jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya kai ni Nanchang, na canja wani zuwa Jingdezhen, a lardin Jiangxi, gari tsakanin duwatsu masu duhun itatuwa, kogin Chang ya ratsa shi. Ana yayyafi na sauka, kuma kusan ana yayyafi na tafi. Abin da ya fara kama idona turakun fitilun kan titi, an sa musu rigar tangaran mai zanen shuɗi. Abin da Inna ke kullewa a kabad, ga shi an bar shi a titi ruwa na dukansa. Washegari da safe yarinyar da cibiyar ta haɗa ni da ita don tafinta, wadda ta gama jami'ar koyon tangaran ta garin, ta ja ni ofishin 'yan sanda, don doka ta ce baƙon da ya sauka a gidan da ba otal ba sai ya yi rajista cikin awa 24. A hanya take gaya min sunan garin ma kyautar sarki ce: a shekarar 1004 Sarki Zhenzong na daular Song ya sa masa sunan zamanin mulkinsa, Jingde. Ta kuma nuna gabas da haɓa ta ce akwai wani ƙauye can cikin duwatsu, Gaoling. Na tsaya cak. Kalmar kaolin da na shekara goma ina rubuta wa ɗalibai a allo, sunan farar ƙasar nan irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, ashe sunan ƙauye ne da mota ke zuwa.

Ɗakin aikina yana cikin harabar wata tsohuwar masana'antar gwamnati ta sassaƙe-sassaƙen tangaran da aka kafa a 1956. Da manyan masana'antun gwamnati na garin suka durƙushe a shekarun 1990, ma'aikatan ba su bar sana'a ba, kowa ya kama ɗan shago ya ci gaba da abu ɗayan da ya iya. Lungunan wurin kamar Kurmi suke, sai dai kowane shago aiki ɗaya tak. Wannan yumɓu kawai yake sayarwa. Na kusa da shi juya kwano kawai yake a kan faifai. Wancan buroshi kawai yake ɗaurawa, wancan ruwan gilashi kawai yake haɗawa, wanda ake lulluɓe tangaran da shi don ya yi sheƙi bayan gashi, launi-launi cikin jarkoki. Akwai wanda shekara talatin hannun butar shayi kawai yake liƙawa. Tun a 1637 wani malaminsu, Song Yingxing, ya rubuta cewa kofi ɗaya sai ya bi ta hannu 72 kafin ya zama kofi, kuma har yau ba wanda zai yi maka hira ta minti biyar bai ambaci saba'in da biyun nan ba. Ni dai na ji, na gyaɗa kai, a raina na ce wannan ai lalaci ne aka sa wa lamba. Na sayi buhu shida na yumɓu, na rufe ƙofa.

Yumɓun kakata ja ne mai tsakuwa, ana daka tsingaro a zuba masa, yana da ƙashi, ka ɗora murji kan murji ya tsaya maka kamar katangar gida. Na Jingdezhen haɗin farar ƙasa ne da garin wani dutse, laushinsa kamar man shanu, kuma ba shi da amana ko kaɗan. Ka ƙara masa ruwa ya zauna, ka rage ya tsage. In gina ciki da yamma, in dawo da safe in tarar ya sunkuya kamar mai jin barci. Ga damshin garin, abin da zai bushe a yini guda a Zariya sai ya yi kwana biyar yana sanyi. Dabarar da na sani ita ce in ƙara kauri. Mako uku na yi, na samu tulu huɗu a tsaye, kowanne nauyinsa kamar an cika shi da ruwa.

Shagon da ke kallon nawa na wani dattijo ne mai aikin da suke kira lipi, wato askin kwano. A can mai juyi da kauri yake fitar da abu, sai ya bushe sannan mai aski ya ɗora shi kan faifai ya bi shi da wuƙaƙe ciki da waje har ya kai sirantar da ake so. Farar ƙura ta rufe masa gira da gashin hanci, taba a gefen baki, gorar shayi a gindin kujera. A raina na sa masa suna Wanzami, a baki kuwa Shifu nake ce masa, yadda ake kiran duk wani gwanin sana'a. Wata rana ya tsallako ba sallama, ya zagaya tulunana, ya ƙwanƙwasa ɗaya da ɗan yatsa, ya kara kunne. Ya ce, "Tai hou le." Na miƙa masa waya ya maimaita, ta fassara min: ya yi kauri da yawa. Ya nuna shagonsa, ya yi alamar wuƙa. Na dafa ƙirji na yi godiya, na ce a bar shi haka. Ni da nake ƙwanƙwasa tukwanen ɗalibai ina cewa a rushe a sake, ranar ni ne wanzamin da ba ya son jarfa.

Abin ya haɗu da azumi, wanda ya kama kwanaki kaɗan bayan isowata. Dattijon ya zuba min shayi na ƙi, ya miƙo taba na ƙi, ya ba ni shawara na ƙi. A wajensu miƙa taba da shayi shi ne gaisuwa, kamar a ce ka ba baƙo ruwa da goro ya kau da kai. Ya daina kallon ƙofata. Sai da tafintata ta lura ta je ta yi masa bayani. Ya ce, "Au, irin masu taliya?" Yana nufin Musulmin ƙabilar Hui 'yan lardin Qinghai masu shagon taliyar hannu da naman sa a bakin titi, inda nake buɗa baki kusan kullum, don sauran abincin garin da wuya ka samu wanda man alade bai shiga ba, ga barkono da ko mai tsiren Sabon Gari zai sara masa. Daga ranar, in magariba ta kusa sai in tarar da lemo biyu a kan tagata. Bai taɓa cewa shi ne ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Zaman baƙar fata a garin kuwa sai mai haƙuri. Baƙin masu fasaha suna da yawa, har suna gare su, yang jingpiao, amma galibinsu Turawa ne da 'yan Koriya da Japan. Ni kallo nake sha daga fitowa har komawa. Ana ɗaukata hoto ba tambaya. Wani yaro ya goga yatsa a hannuna ya duba ko zai yi baƙi, kakarsa ta make shi, sannan ita ma ta matso ta duba. Yawancinsa son sani ne kawai, irin wanda Bature zai sha in ya shiga kasuwar ƙauyenmu. Amma akwai ranar da wata mata ta ja ɗanta ta canja kujera a motar haya da na zauna, wannan kam ba son sani ba ne, kuma na kwana da shi. A gefe guda, ana gayyatata bukukuwan buɗe nune-nune da ban san masu su ba, a tsayar da ni a sahun gaba lokacin hoto. Na gane ado ake yi da ni. Wani lokacin in je don abincin ido, wani lokacin in ce ina da aiki.

Matoyar kakata fili ne a bayan gari, a jera tukwane, a lulluɓe da kara da kashin shanu, a cinna wuta, kafin hantsi an gama. A Jingdezhen wutar haya ake shiga. Mai tanderun gas yana da wani ɗaki na ƙarfe da bulo mai keken dogo, kowa ya kawo kayansa a auna, ya biya kuɗin gurbin da ya ci, a jera na mutum ashirin ko talatin a hawa-hawa, a tura ciki, wuta ta kai wajen digiri 1300. Kuma sau ɗaya ake gashi, ɗanyen abu da zanensa da ruwan gilashinsa gaba ɗaya. Masu dako biyu suka zo da amalanke mai dogayen katakai suka ɗauki tulunana, suna ratsa babura da su ko gezau. A jikin ƙofar tanderun an manna jar takarda ta neman sa'a. Suna da labarin wani magini, Tong Bin, da aka ce ya faɗa cikin wuta a zamanin daular Ming don wata babbar randar sarki da ta ƙi gasuwa, har yau suna girmama shi a matsayin mai tsaron wuta. Mai tanderun ya ɗaga tuluna ɗaya, ya ji nauyi, ya dube ni, ya dubi tafinta. Ta ce masa baƙo ne, malami ne a ƙasarsu. Ya karɓa.

Kwana biyu bayan nan aka jawo keken. Biyu sun tsage daga gindi har wuya. Ɗaya ya zauna ya zama kamar gammo. Na huɗun, wanda ya fi kauri, damshin da ya ɓuya a cikinsa ya fasa shi tun wuta ba ta yi nisa ba, ɓaraguzansa suka watsu suka manne a cikin kofunan shayin wata mata da ke hawa na ƙasa, wajen guda arba'in, odar wani ce da za ta kai ƙarshen mako. Tana tsaye a wurin. Ta ɗauki kofi ɗaya, ta kalli ɓallin tuluna da ya narke a tsakiyarsa, ta ajiye. Na shirya jin zagi. Ta ce, "Mei shi," wato ba komai, ta juya ta tafi.

Na ce wa tafinta, kai, matar nan akwai kirki. Ta dube ni kamar yadda Inna ke dubana in na yi wauta a gaban surukai. Ta ce akwai komai mana, kuma mai tanderun ma ya ji kunya don shi ya karɓi kayan, kowa a lungun zai ji kafin dare. Nan na ga ashe kara ce irin tamu, wadda Bahaushe zai ce maka "haba, ba komai" alhali cikinsa na tafasa, ni da na fito daga gidan kara na kasa gane ta don ta sa wasu kaya. Da yamma muka sayi kwandon 'ya'yan itace, na sa kuɗin kofunan a jar ambulan, muka je shagonta. Ta ture, na mayar. Ta sake turewa har da ɗaga murya, na sake mayarwa. A na uku ta bar shi a kan tebur kamar ba ta gani ba, ta ɗora ruwan shayi. An riga an sha ruwa, na sha kofi uku. Mai tanderu kuma na kai masa kwalin taba, abin da ban taɓa zaton zan saya da kuɗina ba.

Sai da aka dawo daga hutun Qingming na farkon Afrilu, lokacin da lungun ya watse kowa ya tafi sharar kaburburan iyaye, muka kuma yi sallah a ɗan masallacin garin, sannan na tsallaka shagon Wanzami da zanen tulu a takarda. Bai ce "ai na gaya maka" ba. Ya kashe taba, ya kai ni wurin wani mai juyi, ƙato mai damatsa kamar ɗan dambe.

Nan aka yi rigimar da ta fi kowace daɗi. Cikin minti kaɗan mutumin ya fitar da ciki da wuya daban-daban, yadda suke yin manyan abubuwa a haɗa daga baya. Kyakkyawa ƙwarai, amma ba tulu ba ne. Hannunsa da kansa ya ɗaga kafaɗa sama, ya tsuke ƙugu, ya yi masa ƙafa, ya fito da tulun furanni irin na gidan sarkinsu. Na ce ciki ya sauko ƙasa, gindi kuma a mulmule, ba ƙafa. Ya ce, "Chabuduo," kalmar da na fi tsana a Sinanci, wai kusan ɗaya ne. Na ce ba ɗaya ba ne. Ya tambaya ta waya: abin da ba ƙafa yaya zai zauna? Bayani ya ƙi. Sai na naɗe tawul na yi gammo, na ɗora a ka, na ɗauki wata tukunyar roba mai zagayayyen gindi na aza, na taka lungun daga farko har ƙarshe ina rangwaɗa irin ta 'yan matan rafi. Masu shaguna suka fito, wayoyi suka tashi, Wanzami ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na dawo na tara yashi a ƙasa, na dasa tukunyar a kai. Mai juyin ya yi shiru, ya ce "Ooo," ya rushe nasa ya sake.

Na ciro naira ashirin daga walat na nuna musu bayanta, hoton Ladi Kwali tana gina tukunya, Bagwariyar da ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954. Takardar ta zaga hannu ya fi goma. Abin da ya ɗaure musu kai ba tukunyar ba ce. Wanzami ya tambaya sau biyu ko da gaske magina ce aka sa a kuɗi. Na bar masa ita, ya soke ta a jikin kalandar shagonsa.

Guda goma aka juya. Da suka bushe na zauna kusa da Wanzami yini uku ina kallon aski. Yakan kifa tulun a kan wani turmin yumɓu, ya ɗan bubbuga shi har ya daidaita a tsakiya, ya zaɓi wuƙa cikin wajen ashirin da maƙeri ya lanƙwasa masa, ya goga ta da magagari. Ya tokare gwiwar hannu a cinya, ya riƙe numfashi, wuƙa ta taɓa. Farin gari ya riƙa tashi kamar ana tankaɗe, yana taruwa a cinyarsa. Can ya tsaya, ya ɗalli cikin da farce, ya saurara. Kauri yana cewa "ƙwal", in ya yi daidai sai ya koma "kaf-kaf", kamar ƙwaryar da ta bushe. Ba ma'auni, ba awo, kunne kawai. A wuya ya bar nama, a ciki ya sirance, a gindi ya bar ɗan kauri don ɗaukar nauyi. Kusan rabin kowane tulu ya zubar a ƙasa. Ya ba ni wuƙar sau ɗaya in gwada a kan wani fasasshe, ban yi zagaye uku ba na huda shi. Ya karɓe abarsa.

Zanen dai nawa ne, ko in ce yawancinsa. Shuɗin nan da ake gani a tangaran, kafin wuta baƙi-baƙi ne kamar tawadar allo, garin ma'adinin kobal ne da ake dama shi da ruwan shayi. Ɗanyen yumɓu kuwa yana zuƙe shi nan take, in ka yi kuskure sai dai kankarewa da wuƙa. Hannuna ya saba da alƙalamin kara, buroshinsu kuma a tsaye ake riƙe shi, ba a jingina hannu. Wata mai zane a lungun baya ta ba ni fasassun kwanuka na yi mako ina ɓatawa. Na zana dagi a kafaɗa, na kewaye ciki da zayyanar allon sauka da irin ta bangon gidajen Zazzau. A wuya na rubuta da ajami: sannu da zuwa, a sha ruwa. Aya kam ban sa ba, abin da ban san hannun da zai faɗa ba. Da matar ta ga rubutun sai ta lalubo hotuna a wayarta, tangaran na zamanin Sarki Zhengde, wanda ya yi mulki daga 1506 zuwa 1521, da rubutun Larabci da Farisanci a jiki, a garin nan aka yi su. Ta ce shi kansa shuɗin a zamanin daular Yuan daga Farisa fatake ke kawo shi. Na zo ina ganin na kawo baƙon abu, ashe haruffan sun riga ni zuwa da shekara 500. Cike manyan gurabe da shuɗi mai duhu da mai haske, wanda ake yi da wani buroshi mai ƙaton ciki da ke ɗigar da ruwa, ita ta yi min, don na gwada na ga zan yi ɓarna.

Mai feshi ya rufe komai da ruwan gilashi, zanen mako biyu ya ɓace ƙarƙashin farin alli, gabana ya faɗi ko da na san zai dawo. Matsalar gindi mai tanderu ne ya warware ta: aka bar tsakiyar gindin ba gilashi, aka yi wa kowane tulu gammonsa na ɗanyen yumɓu iri ɗaya, don su tsuke tare a wuta. Wannan karon shi ya ajiye su kwana uku a gefen tanderu su sha ɗumi kafin ya yarda su shiga.

Bakwai suka fito lafiya. Sun tsuke da kusan kashi ɗaya cikin shida, sun yi fari mai ɗan ruwan ƙwai, shuɗin ya fito kamar an rina shi a Ƙofar Mata. Na ɗalli ɗaya, ƙarar ta daɗe tana yawo a ɗakin. Na ɗora fitilar waya a ciki, haske ya ratso ta bangon.

Wanzami ya zo gani, hannu a baya. Ya sa tafinta ta tambaye ni me ake yi da shi a garinmu. Na ce ruwa ake ɗebowa, a ajiye a inuwa, ya yi sanyi kamar na firji, don jikin tulu yana tsattsafo, iska na busawa tana kwashe zafin. Ya shafa gilashin da tafin hannu. Ya ce wannan ko shekara dubu ruwa zai yi a ciki ɗigo ɗaya ba zai fita ba. Ya yi 'yar dariya, ya ce, to ka yi tulu mai kyau wanda ba ya aikin tulu. Na buɗe baki in kawo bayanin da muke yi a aji, na fasaha da ma'ana da sauransu, sai na ga ba zai tsallake fassarar waya ba.

Saura sa hannu. Na zauna na ƙirga: mai yumɓu, mai juyi, mai aski, matar da ta goge ƙura da jiƙaƙƙen buroshi kafin zane, ni, mai cike shuɗi, mai feshi, masu dako biyu, mai tanderu, da yaron da ya goge gindi da dutse. Goma sha ɗaya, ni na biyar. A garin nan ne aka yi wa Ai Weiwei, wani shahararren mai fasaha ɗan ƙasar Sin, ƙwayoyin 'ya'yan furen sunflower miliyan 100 na tangaran da ya shimfiɗa a gidan nunin Tate Modern na Landan a 2010, mutum wajen 1,600 suka yi aikin, sunan mutum ɗaya duniya ta riƙe. Na ce wa Wanzami ina so ya sa sunansa kusa da nawa a gindi. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ya ce kayan fada ma sunan zamanin sarki ake rubutawa, ba na magini ba, shi dai a biya shi kan lokaci, kuma na biya. Ladan askin tulu ɗaya bai fi kuɗin kofi biyu na gahawa a Taoxichuan ba, tsohuwar masana'antar da aka mayar wurin shaƙatawa da kasuwar dare ta matasa. Ɗansa ma bai gaji wuƙar ba, yana can yana tallar kofuna kai tsaye a Douyin, wato TikTok ɗinsu, yana samun abin da ya fi na uban. Ban ji daɗin amsar ba, ban kuma ga hujjar tilasta masa ba. Na rubuta sunana da ajami, a takardar nunin da cibiyar ta shirya kuma na jera sana'o'in goma sha ɗaya, abin da mai shirya nunin ta ce bai saba ba amma ta bari.

Daren bankwana su suka zaɓi shagon masu taliya saboda ni, suka bar giyarsu ta baijiu a gida, aka yi ta ɗaga kofin shayi. Biyu daga cikin tulunan na sayar a can, ɗaya na bar wa cibiyar. Huɗu wani kafinta ya yi wa akwatin katako, hannu na goma sha biyu ke nan, na aika wa Bakanon nan na Guangzhou. Wata huɗu suka yi a hanya, ta ruwa zuwa Legas, ta mota zuwa Kano, kuma ni ma na sha "wallahi kwantenar ta taso". Ɗaya ya iso a fashe.

Mafi kyawun cikin ukun na kai wa Inna. Ta juya shi, ta karanta ajamin a hankali, ta ce Allah ya yi albarka, ta ce da Iya na da rai da ta ga abin mamaki. Ta sa aka ɗauraye shi, aka cika shi da ruwa, aka dasa a yashi kusa da randa. Bayan la'asar ta tsiyaya a moɗa ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta juye sauran a gindin bishiyar lemo. Washegari da na shiga gaishe ta, na hango shi a cikin kabad, tsakanin farantan sallah, an murɗa makulli.